Motata na karkarwa in na taka totur, ina matsalar take?

Mai Corolla: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah shawara nake nema. Corolla ce ta 2005, mai giya otomatik, shigowar Amurka. Tun ƙarshen damina ta ɗauko wani hali: in na taka totur zan wuce wata mota, ko ina hawa gada, sai gabanta ya kama karkarwa, har a ƙasan ƙafata da kujera nake ji. Da na ɗaga ƙafa sai ta yi lif. An canza fulogi, an yi balansin taya, kuɗi sun tafi, karkarwa na nan daram. Yanzu makanikena ya ce giyabos ne, a sauke. Gabana ya faɗi wallahi.

Direban Kano-Abuja: Wa alaikumus salam. Taya ce kawai malam. Je ka wajen mai balansin na kirki, wasu injinansu sun tsufa, lamba kawai suke nuna maka. Ni duk karkarwar da na taɓa gani a hanya daga taya take.

Mai Faci: Oga direba, a bar ɗora wa taya laifin kowa. Ya ce in ya ɗaga ƙafa tana dainawa. Taya ba ta san an taka totur ko ba a taka ba, ita gudu ta sani. Idan balansin ne, da zarar ka kai gudun da take yi, wajen kilomita 80 zuwa 110, sitiyari zai yi ta rawa a hannunka, ko kana ba ta wuta ko ka sake ta tana gangara. Sana'ata ce, kuma da kuɗi zan samu in na ce ya kawo, amma wannan ba aikina ba ne.

Ɗan Sabon Gari: Mai ne. Ka canza gidan mai ka gani. Ko kun manta farkon 2022 da aka shigo da fetur mai methanol da yawa, motoci suka yi ta lalacewa a Legas da Abuja?

Mai Corolla: Na sha mai a gidaje daban-daban tun da abin ya fara, ba canji.

Baba Makanike: Kada ka bari a taɓa giyabos ɗin nan tukuna. Yaro, amsa min waɗannan, kuma kada ka yi min kintace, in ba ka lura ba ka fita ka gwada ka dawo. Na farko, in motar na tsaye a sulo tana karkarwa? Na biyu, in ka sa ta a P ka taka totur allura ta hau, tana yi? Na uku, wutar cek injin na kunne, ko tana ƙyaftawa lokacin da abin ke faruwa? Na huɗu, a wane gudu take farawa, a wane take bari? Na biyar, in ka karya kwana sosai kana tafiya a hankali, kana jin ƙas-ƙas-ƙas daga gaba?

Mai Corolla: To Baba. A sulo lafiya lau, ko kofin shayi ka ɗora ba zai zube ba. A P ma na taka har allura ta wuce 3, ba komai. Wutar cek injin ba ta kunne. Tana farawa wajen 40 ta bari in na wuce 55. Ƙarar kwana kuma ban ji ba.

Injiniya Zariya: Tsaya malam, 40 na me? Motar Amurka manyan lambobin agogonta mil ne, ƙananan da ke ciki su ne kilomita. In manyan kake karantawa, 40 ɗinka kusan kilomita 64 ne, 55 kuma wajen 88. Mutane da yawa suna kai wa makanike labarin da ba daidai ba saboda wannan.

Mai Corolla: Manyan nake nufi, Injiniya.

Injiniya Zariya: Madalla. Ka ga tambayoyin Baba ba na banza ba ne. Karkarwar mota tana bin ɗayan abu uku. Akwai mai bin juyin inji, wadda ko motar na tsaye za ka ji ta. Akwai mai bin gudun taya, wadda Mai Faci ya yi bayani. Akwai kuma mai bin nauyin da aka ɗora wa mota, wato sai an nemi ƙarfi daga inji take fitowa. Taka ta ukun ce. To a cikin ta ukun ma ba abu ɗaya ba ne: kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta, in ya yi rauni yana iya yin lafiya a sulo, sai an ɗora masa nauyi ya kasa ba da wuta, injin sit, wato robar da inji ke zaune a kai, in ya mutu yana yi, shaf, wato sandar da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa taya, yana yi, giya ma tana yi. Don haka ni ban wanke inji ba tukuna. Injin Corollar nan, 1ZZ mai lita 1.8, kowace silinda da kwayil ɗinta a kan fulogi, guda huɗu. A sa mata kwamfuta. In ta nuna P0301 zuwa P0304, lambar ƙarshe ita ce silindar da ke misin, wato ba ta ƙona mai yadda ya kamata. P0300 kuma yana nufin misin ɗin ba a wuri ɗaya yake ba.

Direban Kano-Abuja: Amma ai ya ce wutar ba ta kunne.

Injiniya Zariya: Motocin da ake saya a hannu, sau nawa aka cire musu ƙwan wutar ko aka liƙe shi da baƙin tef don mai saye kada ya gani? Mai Corolla, murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da ka tayar ba. In wutar cek injin ba ta fito tare da sauran ba, an kashe ta ne. Ko da tana aiki ma, kwamfuta na iya riƙe laifi a ciki kafin ta kunna wuta.

Mai Corolla: Na gwada yanzu, tana kamawa, in na tayar ta mutu.

Baba Makanike: Injiniya, karatunka daidai ne, amma misin da ciwon shaf ba ji ɗaya gare su ba. Mota mai misin tana fizga ne, gaba da baya, ƙarfi ya ragu, ka taka ta ƙi tafiya, wani lokaci ka ji fat-fat a salansa. Ta shaf kuwa ƙarfinta na nan, tana gudu yadda ya kamata, amma gaban motar na kaɗawa hagu da dama. Yaro, wanne kake ji?

Mai Corolla: Hagu da dama Baba! Ƙarfi kam tana da shi. Matata ma cewa ta yi kamar motar na girgiza kai.

Baba Makanike: To shaf ne, kan ciki, wanda ke shiga giyabos. Mutane sun fi sanin kan waje saboda shi ke ƙara a kwana, sai su ɗauka in babu ƙara shaf lafiya yake. Na ciki ba ya yawan ƙara. A cikinsa akwai ƙarfe mai ƙafa uku, kowace ƙafa da boris ɗinta, suna zamewa a cikin wani kofi mai hanya uku, don shaf ya iya miƙewa ya taƙure in taya ta hau ta sauka. Giris ne ke riƙe da rayuwarsu, roba kuma ke riƙe da giris. Ranar da robar ta tsage, giris ya watse, ruwa da yashi suka shiga, boris ɗin sai su ci rami a jikin kofin. In ka taka totur ƙarfin inji ya danna su cikin ramin, shaf ya daina juyawa a tsakiya, shi ne kaɗawar da kake ji. Ka ɗaga ƙafa nauyi ya sauka, su fita daga ramin, ta yi shiru. Ka ce ƙarshen damina ta fara ko? Ka tuna ruwan da ka riƙa kutsawa a unguwa.

Hajiya Mai Camry: Baba, a yi min afuwa in sa baki. Tawa Camry ce ta 2013, ita ma haka ta riƙa yi min, kuma ba shaf ba ne. A hankali nake tafiya, ƙafa kaɗan a kan totur, sai in ji gurrr na ɗan lokaci kamar na hau kan tsakuwa, sai ta wuce. Daga giya aka samo shi. Kada a ce wa bawan Allah makanikensa ƙarya yake alhali ana samun hakan.

Injiniya Zariya: Gaskiyarki Hajiya, Camry ta 2012 zuwa 2014 an san ta da wannan, har kamfanin ya yi gyara a kai a Amurka. Akwai wani kuloci a cikin giyar otomatik da ke kamawa in mota ta daidaita gudu, shi ne ke santsi yana kamawa yana saki. Amma ki lura da bambancin: taki a taka kaɗan take yi, in kin ƙara wuta giya ta sauko sai ta daina. Tasa kuwa ƙara wutar ne ke tsananta ta.

Hajiya Mai Camry: Haka ne kuwa, in na danna sosai bari take yi.

Baba Makanike: Hajiya ban ce giya ba ta kawo karkarwa ba. Cewa na yi ba a fara hawa bishiya daga sama. Duba robar shaf kyauta ne, durƙusawa kawai za a yi da tocila. Sauke giyabos kuwa, ko ba a sami komai ba, an riga an buɗe abin da ba lallai ya koma yadda yake ba. Yaro ga aikinka. Kai ta rami ko a ɗaga ta a sa mata abin tokara, kada kowa ya shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita. Dubi robar ciki ta hagu da ta dama. Ko ba ka ga tsaga ba, in ka ga baƙin giris ya fantsama a zagaye a jikin giyabos ko ƙarfen kusa, ta huje. Sannan a kama sandar shaf kusa da kofin a girgiza sama da ƙasa, a murɗa gaba da baya. Shiga da fita al'adarsa ce, wannan ba laifi. Amma in yana wasa sama da ƙasa yana ƙwal-ƙwal, ya gama.

Mai Wayarin: A haɗa da gwajin injin sit tunda ana wurin. Ja birkin hannu, taka birki da ƙafar hagu sosai, sa D, ɗan taɓa totur na daƙiƙa biyu, wani ya tsaya a gefe yana kallon inji da bonet a buɗe. A gefe na ce, ba a gaban mota ba. Sai a maimaita a R. In inji ya yi tsalle ko ka ji ƙum, sit ya yanke. Yana da muhimmanci, domin sit da ya zauna yana karkatar da inji, shaf ya riƙa aiki a karkace, sabon da ka sa ma ba zai daɗe ba.

Direban Kano-Abuja: Ni dai har yanzu ina kan bakana, a duba taya. Na taɓa ganin taya da ta kumbura ta ciki, balansin bai nuna ba.

Mai Faci: Wannan kam ana samu, waya ta saki a cikin taya, ta yi ƙulu. Amma ita tun a ƙaramin gudu za ka ji mota na ɗingishi, kuma ba ruwanta da totur. In yana so hankalinsa ya kwanta, a mayar da na gaba baya, na baya gaba. In karkarwar ta bar sitiyari ta koma kujera, taya ce. Ya kuma duba notin taya ko akwai wanda ya kwance, da lamba huɗun nan ta jikin taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayoyin Beljiyam da yawa zanensu na da kyau amma shekarunsu sun ja.

Shugaban Zaure: Mai Corolla, ka ji shawarwari. Je ka gwada ka kawo mana rahoto. Masu tura tallan fili a ƙarƙashin wannan magana, na goge, na gaba kuma waje.

Mai Corolla: Jama'a na dawo. An sa kwamfuta, babu lambar misin ko ɗaya. An juya tayoyi, ba canji. Da muka shiga rami kuwa, abin da Baba ya faɗa muka tarar. Robar ciki ta dama ta tsage ta ƙasa, inda ba a gani daga sama, giris ya yi baƙin zobe a jikin ƙarfe, ƙura ta manne masa. Da aka zare robar, abin da ya rage a ciki ba giris ba ne, wani jan taɓo ne mai yashi. Na sa yatsa a cikin kofin na ji ramin da kaina, guda uku, kowace hanya da nata. Injin sit na baya ma ya tsage amma bai rabu ba. Makaniken ya yi shiru, sai cewa ya yi dama yana zargin wurin. Yanzu tambayata: sabo zan saya ko Beljiyam? Ko a wanke a sa giris da sabuwar roba?

Ɗan Sabon Gari: Wanke shi kawai a cika giris, ni haka aka yi min, ina hawa.

Baba Makanike: Kai naka ƙila an kama shi da wuri ne. In roba ta tsage jiya ka gani yau, wanki da giris da sabuwar roba sun isa. Amma wanda ya riga ya ci rami, giris ba ya cike ƙarfe. Zai ɗan lafa na kwanaki ya dawo, ka biya kuɗin aiki sau biyu. Wasu kuma na kai kofin wajen mai walda a cike ramin a goge da dutse. Kada ka yarda. Ƙarfen wurin an gasa shi ne ya yi tauri, walda na kashe taurin.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Bari mai kaya ya yi magana. Beljiyam na asali ya fi sabon araha nesa ba kusa ba. Sababbin da ke cika kasuwa masu kwali mai ƙyalli, wasu sandarsu ma ba ta miƙe daidai ba, ka sa yau ka ji karkarwar da ta fi ta da. Araha ba ta ado. Na asalin da aka ciro daga motar da ba ta sha wahala ba zai yi maka shekaru.

Injiniya Zariya: Alhaji, ta ina mai saye zai san motar ba ta sha wahala ba? An daina ƙera wannan samfurin Corolla a Amurka tun 2008. Duk shaf ɗin asali da za ka sayar masa ya tsufa, robarsa ta bushe. Sannan kai ma ka sani akwai masu tsintar wanda aka cire a nan gida, su wanke da fetur, su shafa masa baƙin mai, ya koma Beljiyam.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Akwai su, ba zan musa ba, kowace kasuwa da ɓatagarinta. Shi ya sa ake saye a wurin mai shago, ba a hannun yaran bakin titi ba, kuma a yi sharaɗi a gaban shaida: in an ɗaura ta yi karkarwa, a dawo da shi a canza. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin, bar masa kayansa. Kuma ka zo da tsohon a hannu. Na hagu da na dama ba tsawo ɗaya ba ne, na dama ya fi tsawo. Na mai giyar hannu da na otomatik sukan bambanta. Na mota mai ABS, wato tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki, yana da zobe mai haƙora a kan waje, in aka ba ka marar zobe wutar ABS za ta kama. A jera su a ƙasa, a ƙirga haƙoran bakin da ke shiga giyabos da na wajen taya.

Injiniya Zariya: Wannan sharaɗin na yarda da shi. Ni abin da zan ƙara, akwai sababbi na kamfanonin kirki, tsada ce kawai, kuma jabunsu ya fi su yawa. In ya tsaya a kan Beljiyam, a zare robar a gabansa ya ga cikin kofin kafin ya biya, tunda yanzu ya san yadda ramin yake a yatsa.

Hajiya Mai Camry: Ni tambayata, dole ne a canza duka biyun? Kullum in abu ɗaya ya lalace sai a ce min a canza har da ɗan'uwansa.

Baba Makanike: Ba dole ba ne Hajiya. Shokozoba da birki su ake canzawa bibbiyu. Shaf kuwa wanda ya mutu shi ake cirewa. Sai dai in robar ɗayan ta fara tsattsagewa, a canza robar tun kafin ta huje, kuɗinta kaɗan ne. Yaro, ka tsaya a kan aikin nan da kanka, ga abin da za ka sa wa ido. In an zare shaf man giya zai ɗan zuba, a tara shi a ga yawansa, a mayar da sabo daidai wanda ya fita. Irin man a rubuce yake a jikin sandar awon giya, na wannan motar T-IV ne, kada a zuba maka kowane jan mai don kawai ja ne. A canza oyil sil na bakin giyabos, tsohon yakan fara yoyo bayan an taɓa shi. A ɗaure robar da ɗamarar ƙarfe, ba da waya ko igiyar tayar babur ba. Wajen mayarwa a tabbata ya shige har ya yi ƙas, akwai ɗan zobe a bakinsa da ke kulle shi. Babban notin tsakiyar taya kuma a ɗaure shi sosai a kulle, sakinsa na kashe boris ɗin taya.

Mai Wayarin: Sit ɗin bayan nan ma kada ka ce sai wani wata.

Mai Corolla: Alhamdu lillahi, an gama. Beljiyam na ɗauka a bisa sharaɗin da Alhaji ya faɗa, na farkon da aka kawo min da muka buɗe shi ma da rami, na biyun ne ya fita sumul. An sa sabuwar roba da giris, an canza sil da injin sit. Na hau titin Zariya na taka ta tun daga 30 har 70, na hau gada da mutum huɗu a ciki, ko gezau. Allah ya saka wa kowa da alheri, musamman Baba. Giyabos na nan ba a taɓa shi ba.

Direban Kano-Abuja: To na sallama, wannan karon ba taya ba ce. Amma Baba, Hiace ɗin da nake ja ita ma tana yin irin haka in na yi lodi, daga ƙarƙashin kujerun tsakiya nake ji, kuma in na sa giya tana ƙwal. Ita ma shaf ɗin ne?

Baba Makanike: Taka da baya take ja, ba irin wannan shaf ɗin gare ta ba. Furofela za a duba, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfi zuwa tayoyin baya, da kuros, wato mahaɗanta na gaba da na baya, da boris ɗin tsakiya in tana da shi. In ka ga jan tsatsa na fitowa daga kofunan kuros, ya bushe. Kada ka ɗauki fasinja da ita a haka, furofela in ta tsinke a guje tana iya cakar ƙasa ta kifar da mota. Kafin a kwance a yi mata alama da fenti a mahaɗa, a mayar yadda aka same ta, in ba haka ba sabuwar karkarwa za ka saya. Mai Corolla, kai kuma bayan mako ɗaya ka leƙa ƙarƙashi ka ga ko sil ɗin na yoyo, ka auna man giya inji na aiki kuma ya yi zafi.